Kafin ka sayi motar tsere a Kano, da bayan ka saya

Motar tsere, irin gajeruwar nan mai ƙofa biyu da ke kwance a ƙasa kamar za ta lashi kwalta, an ƙera ta ne da wata ƙasa a zuciya: inda titi yake sumul, fetur ke da daraja biyu ko uku a gidan mai, zafi kuma ba ya wuce makonni kaɗan a shekara. A Kano kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurarsa, Agusta ya cika tituna da ruwa. Duk da haka motar za ta iya zama lafiya shekara da shekaru a garin nan. Sharaɗin shi ne ka nemi makaniki da hanyar samun kayan gyara tun kafin ka nemi motar, domin yawancin waɗanda ka gani an lulluɓe da tamfol a gidajen Nassarawa da Bompai, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba ya zaunar da su.

Dubi injin kafin tambari

Tambayar farko ita ce: injin da ke cikin motar nan, da wace motar yake 'yan uwantaka? Idan yana da dangi a titunan Kano, ka huta rabin wahala.

Lotus Evora, wadda ta fito a 2009, injin Toyota 2GR-FE mai lita 3.5 ne a bayanta, irin wanda ke cikin Camry mai silinda shida da Highlander da Lexus RX350. Filta, fulogi, kwayil, famfon ruwa, duk abubuwa ne da mai sayar da kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ya saba da su. Lotus Elise daga 2004 ta soma amfani da injin Toyota 2ZZ-GE, wanda aka sa wa Matrix XRS da Pontiac Vibe GT. Amma Elise ta farko, ta 1996, injin Rover K ne da ita, kuma an san shi da ƙona gaskit ɗin tof da zarar ruwa ya ɗan ragu, saboda ruwan da ke zagaya shi ba shi da yawa. Wannan ba injin Kano ba ne, a bar shi inda yake.

Nissan 350Z da 370Z dangin Infiniti G35 da G37 ne, kuma injin VQ ba baƙo ba ne a garejojin Kwakwaci. Sai dai ka san halinsu: wasu 350Z na 2005 da 2006 masu giyar hannu suna shan baƙin mai, ita kuma 370Z mai giyar hannu tana da silindar kuloci a can cikin kwandon giya, idan ta fara yoyo sai an sauke giyar gaba ɗaya. Baƙin manta kuma yana saurin zafi, har kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, don haka ƙara mata na'urar sanyaya baƙin mai a gaba kuɗi ne da ba a yi asararsa ba. Mazda MX-5, wadda ake ƙerawa tun 1989, ita ce mafi sauƙin hali a cikinsu duka. Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ, na 2012 zuwa sama, suna da ƙarko, amma kada sunan Toyota ya ruɗe ka, injin Subaru ne mai kwance a ciki, kuma yana son fetur mai ƙarfi. Ford Mustang GT mai lita 5.0, daga 2011, an yarda ta sha fetur na gama-gari a Amurka, abin da ya sa take jure man gidajen manmu fiye da takwarorinta na Turai.

Mazda RX-8 tana da arha, kuma arharta ce tarkon. Injinta ba fistin gare shi ba, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Da gangan yake ƙona baƙin mai don shafa wa gefunan ƙarfen, saboda haka duk cika tanki biyu sai an duba sanda. Idan aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take, misali don a matsar da ita daga bakin get, fetur na iya cika ta ta ƙi tashi. Idan tana tashi da safe amma tana gardama bayan ta yi zafi, matsinta ya tafi, gyaran kuma buɗe injin ne gaba ɗaya, aikin da masu iya shi ba su da yawa a ƙasar nan.

Porsche, da ciwonta guda biyu

Ita ce aka fi tambaya, don haka bari a tsaya a kanta. Boxster daga 1996, da 911 samfurin 996 (lambar ƙira ce, ba shekara ba), da farkon samfurin 997 har zuwa 2008, da Cayman ta farko, galibinsu injin iyali ɗaya ne da su, M96 da M97. A cikinsa akwai wata sanda da ke karɓar juyi daga karanshaf ta miƙa wa sarƙoƙin taimin, a ƙarshenta kuma akwai boris da ake kira IMS. An rufe boris ɗin da giris ɗinsa, da tafiya ta yi tafiya sai baƙin mai ya kutsa ya wanke giris ɗin, ƙwayoyin su fara cin juna. Ranar da ya watse taimin ya goce, bawul ya haɗu da fistin, injin ya tashi aiki. Ba kowace mota hakan ke samu ba, amma wadda ya samu ba ta da ƙaramin gyara.

Yadda ake ganowa: a kwance filtar baƙin mai, a yanka takardar a baje ta a rana. Idan ka ga ƙyalli kamar garin azurfa, a ɗora maganaɗisu a kai. In ya kama, ƙarfe ne ke ci a ciki, kada a sake tayar da motar. A motocin da aka yi kafin wajen 2005 ana iya sauya boris ɗin da ingantacce, kuma lokacin da ya dace shi ne ranar sauya kuloci, tunda dole a sauke giya. A ranar ne kuma ake sauya silin bayan karanshaf, wanda shi ma ya shahara da ɗiga. Na 2006 zuwa 2008 boris ɗinsu ya fi girma kuma ya fi ƙarko, sai dai ba ya fita sai an raba injin biyu.

Ciwo na biyu shi ne karcewar bangon silinda, wanda ya fi kama 997 da Cayman S na wannan zamanin. Alamunsa: bakin salansa ɗaya ya fi ɗan'uwansa baƙi, wani ƙas-ƙas-ƙas daga gefe guda idan injin na tsaye, da shan baƙin mai. Kada ka yarda da kunne kawai. A cire fulogi a zura ƙaramar kyamara mai igiya a duba silinda shidan ɗaya bayan ɗaya. Mai motar da ya ƙi a yi wannan, ya ba ka amsa. Daga samfurin 2009 Porsche ta sauya injin ta cire sandar IMS gaba ɗaya, shi ya sa mai hali gara ya ƙara kuɗi ya fara daga nan. Ka kuma tuna cewa cibiyar da kamfanin ya buɗe a 2012 tana Legas ne, kimanin kilomita dubu daga Kano.

Takardu da sitiyari

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin tsere masu arha da ake tallatawa daga Ingila da Japan galibinsu sitiyarin dama ne. A Corolla ma juya sitiyari aikin kasada ne, balle motar da ake taka ta kilomita 200 a awa. Elise da Evora kuwa, ƙashin jikinsu alminiyom ne da aka manne da gam na musamman, ba a yi masa walda, ba a huda shi. Nemi wadda aka ƙera da sitiyarin hagu tun daga masana'anta.

A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma kwastam na da iyakar shekarun motar da za ta shigo, wadda aka sha sauyawa. Tambayi wakilin fito kafin ka biya ko kwabo. In motar tana gida Najeriya, a tantance takardar kwastam ɗinta da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17. Da wannan lambar kuma za ka binciki tarihinta a intanet, domin da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka na gwanjon inshora ne. Wadda ta yi karo ana iya gyara ta in ƙashin bai lanƙwashe ba. Wadda ambaliya ta ci kuwa, wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali har ka gaji.

Ranar dubawa

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa. Hayaƙi da ƙarar da ke fita a daƙiƙu goma na farko su ne gaskiyar injin. Da ka murɗa makulli, fitilun gargaɗi duka su kama sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. A sa kwamfuta, kuma kada a tsaya a kan cewa babu laifi: a duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala, domin in duk suna nuna ba su shirya ba, yanzun nan aka goge laifukan. Kwamfutar Porsche tana ma ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce da injin iyakar juyinsa, a nemi mai na'urar da ke karanta wannan.

Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko layin kujerar ya yi tsatsa, ka zare bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba alamar laka. A ɗaga motar sama, a duba ƙasan bamba da tiren ƙasa, a kuma tabbatar katalis, abin tace hayaƙi da ke jikin salansa wanda makanikai ke kira indomi, yana nan, saboda akan fasa a sace cikinsa tun a hanya. Bayan nan ka bar ta a tsaye da esi a kunne minti ashirin cikin rana kana kallon allurar zafi. Motar da ta ci wannan jarrabawa za ta iya cunkoson Kurna ko na Bata da azahar.

Fetur

Nan ne babbar matsalar da ba ta da cikakken magani. Ƙarfin fetur ana auna shi da oktan, kuma gidajen manmu nau'i ɗaya suke sayarwa, wanda ma'auninsa na hukuma ke wajen 91 a lissafin Turai. Porsche tana son 98, ta haƙura da 95. Ka lura, lambar da ke murfin tankin motar Amurka lissafinta daban ne: 87 ɗinsu shi ne kusan 91 namu, 93 ɗinsu kuma kusan 98. Idan oktan ya gaza, fetur yakan fashe da kansa kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Injin zamani yana da na'urar da ke jin wannan ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Tana da iyakar abin da za ta iya, musamman a injin mai turbo da rana tsaka.

Abin yi shi ne ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki, ka guji shan mai lokacin da tanka ke sauke kaya domin dattin ƙasan rijiya ya taso, ka kuma yi nesa da 'yan bumburutu ko da layi ya kai ina. Wanda ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai yawan metanol, ya san irin ɓarnar da mai ɗaya ke yi. Maganin ƙara oktan na kwalba yana ɗan taimakawa, sai dai da yawansu in sun rubuta maki goma, oktan ɗaya tak suke nufi, kuma masu sinadarin MMT suna barin jan ƙasa-ƙasa a kan fulogi su gajiyar da na'urar salansa. Kada ka danna totur ƙasa a babbar giya injin yana juyi kaɗan, sauko da giya tukuna. Kada kuma a yi wa kwamfutar motar ƙarin ƙarfi da shirin da aka rubuta don man Turai.

Zafi

Al'adar garejojinmu ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turai ce ba ta san zafinmu ba. A motar tsere wannan illa ce. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta za ta yi ta zuba masa fetur fiye da kima, fetur ɗin ya wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. In motar na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji, ko iska ta maƙale a bututu.

Kada a zuba ruwan rijiya ko na leda. Ruwan sanyaya injin irin wanda littafin motar ya faɗa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wannan haɗin kuwa a ƙarƙashin murfi mai kyau yana kai wa sama da 120, ga shi yana hana tsatsa. A motocin da injin ke tsakiya ko baya, lagireto na gaba, bututun ruwa na bin ƙarƙashin motar tsawonta, kuma fitar da iska daga ciki sai da na'urar zuƙa ko bin matakan littafi daki-daki. Lagireton Boxster da 911 guda biyu ne a kusurwoyin bambar gaba, a bayan kwandensan esi, kuma tsakaninsu ne ganyen darbejiya da ledar ruwa da ƙura ke taruwa su zama kamar tabarma. Daga waje ba ka gani. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, a cire bambar a raba su a wanke da ruwa marar ƙarfi. Tankin ruwa na roba da famfo mai fiffiken roba, a Porsche da BMW Z4, a sauya su da sun tsufa, kada a jira su fashe a gadar Dangi.

Baƙin mai da ƙura

Tazarar kilomita 15,000 da wasu littattafai ke faɗa ba ta Kano ba ce. A juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, da filta sabuwa kowane karo. Kaurin man kuma na littafi ne: 86 da BRZ 0W-20, 350Z da 370Z 5W-30 wajen lita biyar, Porsche 0W-40 ko 5W-40 mai shaidar A40, lita takwas da ɗoriya. Mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa tsofaffin motocin haya ba ya isa ƙananan hanyoyin da ke sarrafa taimin da wuri. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, a saya wurin dila na ainihi, a buɗe galan a gabanka, a huda shi bayan an gama.

Da hunturu a duba filtar iska duk wata. Ta takarda ta fi dacewa da mu. Irin ta auduga mai jiƙe da mai, da samari ke sawa don ƙarar injin, tana barin ƙura mai laushi ta wuce, man kuma ya ɓata na'urar auna iska. Kada a busa filta da iskar falkinaiza mai ƙarfi, tana yaga ƙofofin da ido ba ya gani. Man birki DOT 4 a sauya duk shekara biyu, domin yana shan laima.

Titi

Tsakanin cikin motar da ƙasa santimita 11 zuwa 13 ne a yawancinsu. Auna gangaren get ɗin gidanka kafin motar ta iso, in da hali a gyara shi da siminti. Tudun rage gudu a hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a saki birki kafin a hau don kada hancin ya duƙa. Tayoyinsu sirara ne, rami ɗaya na iya kumbura gefen taya ko lanƙwasa rim, kuma girman na gaba da na baya sau da yawa ba ɗaya ba ne, ga shi da yawansu ba su da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Wadda ta haura shekara shida a zafin nan ta gama, ko da zanenta bai goge ba. Iska a auna da safe da ma'auninka, a bi takardar da ke jikin ƙofa. Jek kuma a wuraren da aka yi wa alama kawai ake sa shi.

Da damina, ruwan da ya kai tsakiyar taya ya fi ƙarfinta. Bakin shaƙar iskar wasunsu yana ƙasa, kuma ruwa ba ya matsuwa: kofi ɗaya a silinda ya isa ya lanƙwasa kwanrod. In ta mutu a cikin ruwa kada a sake murɗa makulli, a ja ta, a cire fulogi a fitar da ruwan tukuna. Ja kuma a kan motar ɗaukar mota, ba da igiya ba. Jikin Lotus da Corvette ba ƙarfe ba ne, in ɗan adaidaita sahu ya goge ta, mai aikin faiba za a nema, gudumar fanibita sai dai ta ƙara tsagewar.

Wasan mota da ake yi a bikin aure da ranakun sallah, ana juyi ana ƙona taya a tsakiyar jama'a, yana cinye kuloci da difaransha cikin mintuna, kuma ya sha cin rayukan 'yan kallo. Motar da ke tura ƙarfinta ta baya, idan bayanta ya kufce a kan kwalta mai yashi, direban da bai koyi kamo ta ba fasinja ne kawai. Kada a kashe na'urar hana zamewa a kan titin jama'a.

Idan tana ajiye

Zama yana lalata su fiye da tafiya. Aƙalla duk mako biyu a fita da ita minti talatin zuwa arba'in, a hanyar da za ta miƙe kamar ta Wudil ko ta Zariya, har baƙin mai ya yi zafi sosai, esi a kunne don silinsa kada su bushe. Tayar da ita minti biyar a gareji ba ya amfana komai, sai tara ruwa a salansa. A ajiye ta a inuwa, musamman mai rufin yadi. Ɓeraye suna son ɗumin injin da robar waya, don haka kada a ajiye buhun hatsi a gareji ɗaya da ita. Batir a haɗa shi da ƙaramar caja mai kula da kanta, in wutar unguwa ba ta da tabbas a jona ta a sola. A 997 da Boxster da Cayman na zamaninta batir yana cikin but ɗin gaba, kuma da lantarki but ɗin ke buɗewa. In batir ya mutu, akwai wani jan maƙali a akwatin fiyus kusa da ƙafar direba, a zaro shi a ba shi wuta daga wani batir, sannan but ɗin ya buɗe.

Kayan gyara da dala ake sayensu, kuma daga oda zuwa isowa Kano makonni ne. A yi oda da lambar jikin motar, kada a dogara da shekara kawai, saboda ana sauya kaya a tsakiyar shekarar ƙira. A shekarar farko ka ware kamar kashi goma sha biyar cikin ɗari na kuɗin motar don gyaran abin da mai ita na baya ya bari. A kan kanta a gida kuma kada a rasa filtar mai biyu, filtar iska biyu, fanbel, kwayil ɗaya, saitin fulogi, birkin gaba, murfin lagireto, da tayar baya guda ɗaya a ajiye a ɗaki mai duhu, nesa da janareto.